Ki Bar Ofis, Ki Riƙe Sana'arki: Jagora ga Uwa Mai Shirin Ajiye Aikin Kamfani

Yaro ya kwana da zazzaɓi, ke ma ba ki runtsa ba, ga taro ƙarfe tara wanda ba za a ɗaga saboda ke ba. Kin miƙa shi yana kuka yana riƙe da gefen rigarki, kin isa ofis a makare, wani ya dubi agogo ya dube ki. Kusan duk uwa ma'aikaciya ta san wannan safiyar, kuma a irinta ne zuciya take cewa yau dai a rubuta takardar ajiye aiki a huta. Roƙona gare ki, 'yar uwa, kada ki rubuta ta a wannan ranar.

Na yi shekara tara a wani babban kamfani kafin na ajiye, kuma ban yi nadamar fita ba. Nadamata tana kan gaggawar da na yi, domin abubuwan da wata huɗu na shiri za su gyara sai da suka ci mini shekara biyu. Ajiye aiki domin raino shawara ce mai daraja, amma ba a fafe gora ranar tafiya. Ga matakan da nake ba duk wadda ta tambaye ni.

Mataki na farko: gano ainihin abin da kike gudu

Ki ɗauki littafi ki yi sati huɗu kina rubuta layi biyu kowane dare: me ya fi ƙuntata miki yau, me kuma ya faranta miki a wurin aiki. Bayan wata guda ki karanta daga farko. Mata da yawa a nan suke gane cewa aikin kansa suna son sa. Abin da ya ishe su shi ne doguwar hanya, ko shugaba mai kira da daddare, ko mai raino da ba ta da tabbas, ko rashin barci kawai. Kowanne daga cikin waɗannan yana da maganinsa, kuma mafi yawansu ba sa buƙatar a ajiye aiki.

Akwai abin da ya fi waɗannan nauyi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 13 cikin 100 na matan da ba su daɗe da haihuwa ba suna fama da larurar ƙwaƙwalwa, galibi ciwon damuwa, kuma adadin ya fi haka a ƙasashe masu tasowa. Idan kin wuce sati biyu kina kuka ba dalili, ko komai ya fita ranki, ko kina ganin ba ki da amfani ga jaririnki, to likita ya kamata ki fara gani kafin ofishin kula da ma'aikata. Ciwon yana warkewa, amma yakan sa mutum ya ga duk ƙofofi a rufe, kuma shawarar da aka yanke a cikinsa sau da yawa ba ta mai ita ba ce. Mai irin wannan larura idan ta koma gida ta zauna ita kaɗai da jariri, abin na iya ƙaruwa.

Idan kuma rubutunki ya nuna tsarin aikin ne kansa ba ya jituwa da raino, kada ki ɗora wa kanki laifi. Farfesa Claudia Goldin ta Jami'ar Harvard, wadda ta karɓi kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2023, ta yi bayani a kan abin da ta kira aiki mai haɗama: irin aikin da yake biyan kuɗi mai tsoka ga wanda za a samu a kowane lokaci, dare ko rana, ranar aiki ko ta hutu. A gidan da ke da ƙananan yara, dole ɗaya daga cikin iyaye ya zama wanda ake samu a gida, kuma yawanci uwa ce. Ƙwarewarki ba ta ragu ba, aikin ne aka gina shi domin wanda yake da wani a gida yana riƙe masa komai.

Mataki na biyu: nemi sauƙi kafin ki nemi fita

Mutum ba ya sakin reshe ya kama ganye. Kafin ki saki, ki gwada ko reshen zai lanƙwasu. Fara da sanin haƙƙinki. Yarjejeniya ta 183 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda aka yi a shekarar 2000, ta tanadi hutun haihuwa na aƙalla sati 14, da biyan abin da bai gaza kashi biyu cikin uku na albashi ba, da lokacin shayarwa wanda ake lissafa shi cikin awannin aiki, da haƙƙin komawa kan kujerarki ko makamanciyarta. Ba kowace ƙasa ce ta amince da ita ba, don haka dokar ƙwadago ta ƙasarki da littafin ƙa'idojin kamfaninku su ne za ki buɗe. A Ingila, misali, tun watan Afrilun 2024 ma'aikaci yana da haƙƙin neman sassaucin lokutan aiki daga ranar da ya fara aiki, kuma dole a ba shi amsa cikin wata biyu.

Ki rubuta buƙatarki, kada ki tsaya ga faɗa da baki. Ki fayyace abin da kike so: kwana uku a ofis biyu a gida, ko tashi ƙarfe uku, ko raba kujera ɗaya da wata, ko hutun wata shida ba albashi. Sannan ki amsa tambayar da ke ran shugabanki tun kafin ya yi ta, wato wa zai riƙe aikin idan ba kya nan. Ki nemi gwajin wata uku. Mutane sun fi saurin yarda da abin da za su iya janyewa. Hattara da tarko ɗaya: a rage miki albashi zuwa na kwana huɗu a bar miki aikin kwana biyar. Idan za a rage kwanaki, a rubuta waɗanne ayyuka ne za a ɗauke daga kanki.

In an ƙi, ba ki yi asara ba. Kin samu amsa, kuma za ki fita ba tare da wasiwasin "da na tambaya" ba.

Mataki na uku: lissafi

Nan ne zan daɗe, domin nan ne na fi yin kuskure. Lissafin da kowa yake yi shi ne: albashina, a cire kuɗin raino, a cire kuɗin mota da kayan sawa na ofis, abin da ya rage bai taka kara ya karya ba, gara in zauna. Wannan lissafi yana da ramuka biyu. Na farko, me ya sa daga albashin uwa kaɗai ake cire kuɗin raino? Yaron na mutum biyu ne, kuɗin kula da shi na gida ne gaba ɗaya. Na biyu, kuɗin raino mai nauyi na 'yan shekaru ne, amma abin da aka rasa ta hanyar fita yana bin mutum har tsufa.

Ki jera duk abin da aikin yake ba ki bayan albashi: kason da kamfani yake zuba miki a asusun fansho, inshorar lafiya taki da ta yara, alawus, garaɓasar ƙarshen shekara, kwasa-kwasan da ake biya miki, da ƙarin girman da za ki samu nan da shekara uku. Fanshon ya fi ɓoyuwa, domin kuɗin da aka zuba a shekarun talatin su ne suke da dogon lokacin haɓaka. Shekara biyar da aka tsallake a wannan lokaci sun fi biyar ɗin ƙarshen aiki tsada. Binciken da Henrik Kleven da abokan aikinsa suka wallafa a 2019 a kan ƙasar Denmark, inda ake da tallafin iyaye mai ƙarfi, ya nuna cewa bayan haihuwar fari kuɗin shigar mata yana yin ƙasa da na maza da kusan kashi 20 cikin 100, kuma giɓin yana daɗewa bai rufe ba. Ban kawo wannan don in tsorata ki ba. Mai sayen abu mai tsada da saninta ta fi wadda ta ga farashin bayan ta biya kwanciyar hankali.

Daga nan sai ki yi abu uku. Ki rubuta kuɗin da gidanku yake kashewa a wata, na gaske, daga bayanan asusun banki na wata shida da suka wuce, tare da abubuwan da suke zuwa sau ɗaya a shekara irin su haya da kuɗin makaranta. Ki tara ajiyar da za ta riƙe gidan wata shida. Idan sana'ar kanki za ki fara, ki kai ta wata tara ko shekara, domin sabuwar sana'a ba ta fara ciyar da mai ita da wuri. Sannan ku yi gwaji: wata uku cur ku rayu a kan kuɗin da za su rage bayan kin fita, albashinki kuma ya tafi ajiya gaba ɗaya. Gwajin nan yana faɗin gaskiyar da takarda ba ta faɗa, kuma shi da kansa yana gina ajiyar. Idan a wata na biyu kun taɓa albashin, to lokaci bai yi ba tukuna. Bashi mai ruwa kuwa, a biya shi tun albashi yana shigowa.

Kafin ki gama wannan mataki, ki zaro takardar yarjejeniyar ɗaukarki aiki ki karanta ta layi-layi. Wa'adin sanarwa wata nawa ne? Akwai sharaɗin mayar da wani ɓangare na kuɗin hutun haihuwa idan ba ki dawo kin yi wasu watanni ba? Kwas ɗin da aka biya miki yana ɗaure da wasu shekaru na aiki? An hana ki hulɗa da kwastomomin kamfani ko yin irin sana'arsu na wani lokaci bayan fita? Yaushe ake biyan garaɓasa, kuma shekara nawa ake cikawa kafin a cancanci giratuti, wato kuɗin sallama? Ni da na jira sati bakwai kawai, da na fita da garaɓasar shekara guda. Ban duba ba, kuma ba wanda ya tuna mini.

Mataki na huɗu: zama da maigida

Wannan magana ba ta tsaye a bakin ƙofa ba ce. Ku zaɓi lokacin da yara suka yi barci, ku zauna da takardar lissafin a gabanku. Abin da ya kamata ku fito da shi a fili: nawa ne zai riƙa shiga asusunki na kanki duk wata, wanda ba za ki yi bayanin yadda kika kashe shi ba, wa zai ci gaba da zuba miki kuɗin fansho, idan aikinsa ya tsaya ko ya kwanta rashin lafiya, mene ne shiri, kuma tsawon wane lokaci wannan tsari zai yi kafin ku sake duba shi. Wasu suna jin nauyin irin wannan magana, suna ganin kamar rashin yarda ce. Ni ina ganin ta kariya ce ga zaman lafiya, domin matar da ta saba da kuɗinta shekara goma, ranar da ta fara tambayar kuɗin ƙaramin abu, wani abu yana karyewa a zuciyarta ko da mijin mai kirki ne.

Ku yi maganar aikin gida ma. Rahoton Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya na 2018 ya nuna cewa mata ne suke yin fiye da kashi uku cikin huɗu na aikin kula da iyali da ba a biya, kimanin awa 4 da minti 25 a rana, maza kuma awa 1 da minti 23. Da zarar an ce "ai tana gida", ɗan abin da mijin yake yi ma sai ya gangaro kanki, kuma aikin da kika fito domin ki gina ya zama abin da ake yi idan an samu sarari. Ku raba tun yanzu: wa yake tashi da dare a waɗanne ranaku, wa yake kai yara asibiti, waɗanne awanni ne naki na aiki da ba a taɓawa.

Idan ke kaɗai kike riƙe da yaranki, shawarata ta bambanta: kada ki fita sai sabon aikin ya riga ya fara kawo aƙalla abin da zai biya buƙatun dole, kuma kin tanadi inshorar lafiya.

Mataki na biyar: zaɓen aikin da za ki koma

Aiki mai ma'ana a wurina shi ne wanda ya haɗa abu uku: kin iya shi, wani yana buƙatarsa har zai biya, kuma idan kin gama ba kya jin an tatse ki a banza. Idan na biyu ya ɓace, abin sha'awa ne kawai, kuma babu laifi a cikinsa muddin kin kira shi da sunansa kin kuma sa shi a lissafi.

Hanya mafi kusa ita ce sayar da ƙwarewar da kike da ita a gutsure. Akanta za ta iya riƙe littattafan ƙananan kamfanoni uku. Lauya za ta iya duba yarjejeniyoyi. Mai aikin kula da ma'aikata za ta iya tsara ɗaukar aiki da horarwa ga waɗanda ba su da ƙarfin ɗaukar mutum na dindindin. Injiniya, mai fassara, mai tallace-tallace, malama, kowacce tana da yankin aikinta da za a iya yanka a sayar. Mata da yawa suna jefar da shekara goma na ilimi su fara abin da ba su taɓa yi ba, saboda gajiyar ofis ta sa sun tsani duk abin da ya shafe shi. Ki ba kanki lokaci kafin ki yanke wannan hukunci. Sau da yawa ofishin aka gaji da shi, sana'ar tana nan da daɗinta.

Ko me kika zaɓa, ki gwada shi ƙarami tun kina aiki, in yarjejeniyarki ta halatta. Kwastoma ɗaya da ya biya ya fi mutum ashirin da suka ce "wallahi za ki yi kasuwa". Ki yi magana da mata uku da suka riga ki shiga wannan layi, ki tambaye su wata nawa suka yi kafin kuɗi ya fara shigowa a kai a kai, da abin da ya fi cin lokacinsu.

Sai gargaɗi. Iyaye mata masu neman aiki daga gida su ne abin farautar 'yan damfara a intanet. Duk aikin da aka ce sai kin biya kafin ki fara, duk kasuwancin da ribarsa take zuwa daga jawo wasu mutane maimakon sayar da kaya, duk jarin da aka yi miki alƙawarin riba tabbatacciya kowane wata, ki juya masa baya. Ajiyar nan da kika sha wuya kika tara ba jari ba ce, abincin wata shida ce.

Mataki na shida: fita lafiya

Shugabanki ya fara ji daga bakinki kafin takarda ta isa, kuma kafin abokan aiki su ji. Takardar ta zama gajeriya: godiya da ranar ƙarshe. Ki cika wa'adin sanarwa, ki rubuta bayanin miƙa aiki mai kyau, ki karɓi takardar shaidar aiki da bayanan fanshonki da na haraji, ki ajiye lambobin mutane a wayarki ta kanki. Ko da an ɓata miki, ki haɗiye. Ga mai aikin kanta, tsohon wurin aiki da tsofaffin abokan aiki su ne sukan zama kwastomomin farko.

Mataki na bakwai: tsara ranarki a kan awannin gaskiya

Aiki daga gida ba raino ba ne, raino kuma ba hutu ba ne. Taura biyu ba ta taunuwa. Na yi wata biyar ina ƙoƙarin rubuta rahoto da hannu ɗaya, ɗayan yana jijjiga yaro, kuma sakamakon shi ne rahoton bai yi kyau ba, yaron ma bai samu uwarsa ba. Sai da na nemi mai riƙe shi awa huɗu, kwana uku a sati, sannan abubuwa suka daidaita. Awa goma sha biyu tsararru sun fi awa talatin da aka tsinto a tsakanin kuka da wanki.

Ki ƙirga awannin da kike da tabbacin samu a sati, ki cire kashi ɗaya cikin huɗu domin ranakun rashin lafiya da abin da ba a zata ba, abin da ya rage shi ne za ki sayar. Lokacin barcin rana na yaro kyauta ce, kada ki gina alƙawarin kwastoma a kansa, domin yana canzawa duk 'yan watanni. Aikin da ke buƙatar natsuwa ki sa shi a awannin da wani yake riƙe da yaro. Amsa saƙonni da aika takardar neman biya su ne na ƙananan giɓi.

Wajen sa farashi, kada ki raba tsohon albashinki da awanni ki ce shi ke nan. Yanzu ke ce za ki biya harajinki, fanshonki, inshorarki, intanet da kwamfuta, kuma ba duk awar da kika yi aiki ce ake biya ba, domin neman kwastoma da lissafi ma suna cin lokaci. Ki buɗe asusu daban na sana'a, ki ware kason haraji daga kowane kuɗi da ya shigo, ki karɓi kafin alƙalami kafin ki fara babban aiki, kuma komai ƙanƙantar aiki a rubuta sharuɗɗansa. Ki faɗa wa kwastoma lokutan da ake samunki tun ranar farko. In ba haka ba, za ki wayi gari kin sake gina aiki mai haɗama a cikin ɗakinki, wannan karon ba tare da albashi ba.

Watannin farko suna da wani nauyi da ba a cika faɗa ba. Za a tambaye ki "me kike yi yanzu?" ki ji harshenki ya yi nauyi. Za ki ga an yi wa wadda kuka fara tare ƙarin girma, ki yi mata murna, ki kuma ji wani abu ya tsaya miki a wuya. Hakan ba ya nufin kin yi kuskure. Ki tanadi amsa ta jimla ɗaya da kike alfahari da ita, ki kuma sa wa kanki doka ta ganin wani babba da ya san sana'arki aƙalla sau ɗaya a sati, ko da ta waya ce.

Mataki na takwas: bar ƙofa a buɗe

A binciken da Sylvia Ann Hewlett ta jagoranta a Amurka, wanda aka wallafa a 2005, kashi 93 cikin 100 na ƙwararrun matan da suka dakatar da aiki sun ce suna son komawa. Kashi 74 ne suka samu komawa, kuma kashi 40 kaɗai suka koma cikakken aiki irin na da. Ko da yau kina ji ba za ki sake taka ofis ba, yara suna girma, rayuwa kuma tana juyawa.

Riƙe ƙofar ba shi da tsada. Ki ci gaba da sabunta lasisinki da rajistar ƙungiyar sana'arki, domin farfaɗo da wanda ya mutu ya fi wuya. Ki yi kwas ɗaya a shekara. Ki rubuta duk aikin da kika yi, na kuɗi da na sa-kai, da ranarsa da sakamakonsa, tun kina tunawa. Tun 2022 LinkedIn, shafin intanet da ma'aikata suke baje tarihin aikinsu, ya ba da wurin rubuta hutun aiki da dalilinsa, har da raino, don haka ba sai kin bar giɓi shiru ba. Akwai kuma shirye-shiryen mayar da waɗanda suka daɗe ba sa aiki, irin wanda bankin Goldman Sachs ya fara a 2008, kuma kamfanoni da dama sun bi sahu.

Tun kafin ranarki ta ƙarshe a ofis, ki sa rana a kalanda, wata shida bayan fita. A ranar ku sake zama da maigida da littafin nan na mataki na farko, ku duba ajiya nawa ta rage, sana'ar nawa take kawowa, awa nawa kike samu da yara kina cikin natsuwa, da yadda barcinki yake. Ku kuma rubuta tun yau iyakar da idan ajiya ta sauka ƙasa da ita, misali kuɗin wata uku, za ki fara neman aikin albashi ko na rabin rana ba tare da jayayya ba. Bayan wannan zama, sai ku sa wata ranar, wata shida gaba.